Kumburin Jijiyoyin Maraina: Abin da Ya Kamata Ka Sani

A cikin kowane maza 100, kimanin 15 suna ɗauke da wata lalura a maraina wadda likitoci ke kira barikosil. Yawancinsu ba su ma san da ita ba. Za su yi aure, su hayayyafa, su tsufa, ba ta taɓa damunsu ba. Amma idan aka ware mazan da suka yi aure haihuwa ta ƙi zuwa, sai a tarar kusan 4 cikin 10 suna da ita. A cikin matsalolin da ke hana namiji haihuwa waɗanda ake iya gyarawa, ita ce aka fi samu. Wannan kaɗai ya isa a ce kowane magidanci ya san ta, musamman a wurinmu inda da zarar an shekara biyu shiru, ido sai ya koma kan mace.

Mece ce barikosil?

Jini yana shiga kowace gaɓa ta jiki ta wasu jijiyoyi, sannan ya koma zuciya ta wasu daban. Marainan namiji ma haka suke. A saman kowane ɗan maraina akwai wani dunƙulen ƙananan jijiyoyi da aikinsu shi ne kwashe jinin da ya gama aiki su haura da shi cikin ciki. Tun da tafiyar sama ce, Allah ya sanya wasu 'yan marufai a cikin jijiyoyin, waɗanda ke buɗewa jini ya wuce, su rufe kada ya dawo.

Idan marufan nan suka yi rauni, ko kuma tun asali ba su cika ba, jinin sai ya riƙa gangarowa baya yana taruwa. A hankali jijiyoyin su buɗe, su kumbura, su nannaɗe. Wannan kumburin shi ne barikosil. Irin abin da ke faruwa ne a ƙafafun wasu mata masu juna biyu ko mutanen da ke yawan tsayuwa, inda za ka ga jijiyoyi sun fito ruɗu-ruɗu a sharaɓa. Wurin ne kawai ya bambanta.

Ba ƙari ba ce, ba kuma ciwon daji ba ce, ba ta kuma rikiɗewa ta zama shi. Ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba, saboda haka ba a ɗaukarta wajen saduwa, ba ka kuma shafa wa iyalinka. Ba alhakin wani abu da ka aikata a ƙuruciya ba ne. Yawanci tana fara bayyana ne a lokacin balaga, sa'ad da maraina ke girma jini yana ƙara kwarara zuwa gare su. Da wuya a ga yaro ɗan ƙasa da shekara 10 da ita.

Me ya sa aka fi samunta a hagu?

Kusan 9 cikin 10 na masu ita a gefen hagu take. Dalilin yana cikin halittar jiki. Jijiyar da ke kwashe jini daga ɗan marainan dama tana zubawa kai tsaye cikin babbar jijiyar ciki, a karkace, cikin sauƙi. Ta hagu kuwa ta fi tsawo, kuma sai ta haura har zuwa jijiyar ƙodar hagu kafin ta zuba, a miƙe. Tafiyar ta fi nisa, nauyin jinin da ke danno ta ya fi yawa. Wasu mazan suna da ita a gefe biyu.

Akwai abin lura a nan. Idan kumburin a dama kaɗai yake, ko ya fito farat ɗaya ga mutumin da ya manyanta, ko kuma ba ya sacewa idan an kwanta, likita zai so ya ɗauki hoton ciki da ƙoda. Wani lokaci wani abu ne a can ciki, kamar ƙari a ƙoda, ya danne jijiyar. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma ba abin da za a yi wa sakaci ba ne.

Yaya ciwonta yake?

Mafi yawan masu ita ba sa jin komai. Waɗanda ke ji kuwa, ba ciwo ne mai suka ba. Nauyi ne, da wani ja-ja mai tsami-tsami a ɗan maraina, wani lokaci ya haura zuwa ƙasan mara. Da safe idan ka tashi ba ka jin sa sosai. Yayin da rana ke yi, kana tsaye a shago, ko kana noma, ko ka ɗauki kaya, ko ka daɗe a kan babur, sai ya riƙa ƙaruwa. Ranar zafi ya fi damu. Da ka kwanta rigingine na ɗan lokaci sai ya lafa, domin jinin da ya taru ya sami hanyar wucewa. Wannan sauƙin da ake samu a kwance yana daga cikin manyan alamunta.

Idan ta girma, za ka iya jin ta da hannunka in kana tsaye. Likitoci kan ce kamar ka taɓa jakar da aka cika da tsutsotsi. Gefen kan fi saukowa ƙasa, kuma ɗan marainan wannan gefe yakan ƙanƙance ko ya yi laushi fiye da ɗan'uwansa.

Kada ka haɗa ta da gwaiwa. Ita gwaiwa ruwa ne ke taruwa a kewayen ɗan maraina, jakar ta cika sumul, kuma kwanciya ba ta rage ta. Ƙaba kuma hanji ne ke zurarowa ta wata kafa a bangon ciki. Duk ukun kumburi ne a wuri ɗaya, amma maganinsu daban-daban, shi ya sa sai an duba ake sani.

Akwai wani ciwon da ba a kwana da shi. Idan ɗan maraina ya kama ciwo mai tsanani nan take, musamman ga yaro ko saurayi, har da tashin zuciya ko amai, wannan ba barikosil ba ce. Mai yiwuwa ɗan marainan ne ya murɗe, jini ya daina isa gare shi. Idan ba a yi aiki cikin kamar awa 6 ba, ana iya rasa shi. A tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Haka kuma duk wani ƙulli mai tauri a jikin ɗan marainan kansa, ko ba ya ciwo, a kai wa likita ya gani.

Ta yaya take hana haihuwa?

Ka taɓa tambayar kanka me ya sa maraina suke rataye a waje, ba a cikin ciki ba? Domin ba sa son zafi. Zafin jikin mutum digiri 37 ne, su kuwa sai sun yi ƙasa da haka da digiri 2 zuwa 3 kafin su iya ƙera ƙwayoyin haihuwa masu kyau. Dunƙulen jijiyoyin da muka ambata yana taimakawa wajen wannan, domin yana sanyaya jinin da ke saukowa daga ciki kafin ya isa ɗan maraina. Idan jijiyoyin suka kumbura, jini mai ɗumi ya kwanta a wurin, wannan aikin sanyayawa ya lalace. Ban da zafin, jinin da ya tsaya ba ya kwashe dattin da ya kamata ya kwashe, wannan ma yana cutar da ƙwayoyin.

A nan ya kamata a bambanta abu biyu da mutane ke haɗawa. Maniyyi shi ne ruwan da kake gani. A cikinsa akwai miliyoyin ƙwayoyi masu kai da wutsiya, waɗanda ido ba ya gani, su ne ke iyo har ɗaya ya haɗu da ƙwan mace. Mafi yawan ruwan ba daga maraina yake fitowa ba, ƙwayoyin ne ake yi a can. Barikosil tana iya rage yawansu, ta rage musu kuzarin tafiya, ko ta ɓata musu siffa, alhali ruwan yana nan yadda ka saba ganinsa. Saboda haka kauri ko yawan ruwa ba hujja ba ce.

Ba yau aka lura da wannan ba. Wani marubucin Rumawa mai suna Selsus ya bayyana tun ƙarni na farko cewa jijiyoyin kan kumbura, ɗan marainan gefen kuma ya ƙanƙance. A 1952 wani likitan tiyata a Edinbara mai suna Tulloch ya ba da rahoton mutumin da ba a ga ƙwaya ko ɗaya a maniyyinsa ba, bayan an gyara masa jijiyoyin ƙwayoyin suka dawo, matarsa ta sami ciki. Daga nan ne likitoci suka fara ɗaukar lamarin da muhimmanci.

Sai dai ka riƙe wannan: yawancin masu barikosil suna haihuwa lafiya lau. Samunta a jikinka ba ya nufin ba za ka haihu ba.

"Ai ni lafiyata ƙalau, kuma na taɓa haihuwa"

Wannan ita ce maganar da ta fi hana maza zuwa gwaji, kuma ita ce ta fi jawo wa mata wahala. Ƙarfin namiji a shimfiɗa daban, lafiyar ƙwayoyinsa daban. Mutum na iya zama ba shi da wata matsala wajen biyan haƙƙin iyali, amma ƙwayoyinsa kaɗan ne ko ba sa motsi.

Batun an taɓa haihuwa kuwa, barikosil lalura ce da ke iya ci a hankali. Mutum ya haifi ɗaya ko biyu a farkon aure, sai abu ya tsaya cak shekara da shekaru. A cikin mazan da suka taɓa haihuwa sannan ta tsaya, an ma fi samunta fiye da waɗanda ba su taɓa ba.

A kusan rabin ma'auratan da ke fama da rashin haihuwa, akwai hannun matsalar namiji, ko dai shi kaɗai ko tare da ta matar. Amma duba yadda muke yi. Matar ce za ta sha jiƙo, ta sha rubutu, ta je asibiti a yi mata hoton mahaifa mai zafi da tsada, ta sha gori daga dangin miji. Daga baya a ƙaro ta biyu, ita ma shiru. Haihuwa ta Allah ce, babu musu. Amma neman magani ma umarni ne, kuma a ganina rashin adalci ne a bar mace tana yawon asibiti shekara uku alhali maigida bai ba da gwaji ko sau ɗaya ba, gwajin da ya fi nata sauƙi da arha nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan an shekara guda ana saduwa ba tare da tsarin iyali ba kuma ba a sami ciki ba, lokacin bincike ya yi. Binciken na mutum biyu ne.

Yaya ake gano ta?

Wanda ya fi dacewa ka gani shi ne likitan mafitsara, wato ƙwararren da ke kula da ƙoda, mafitsara da al'aurar maza. Zai duba ka kana tsaye, sannan kana kwance. Zai ce ka riƙe numfashi ka yi yunƙuri, domin hakan na cika jijiyoyin su fito. Da haka ake sanin matakinta. Mataki na 1, ba a jin ta sai ka yi yunƙuri. Na 2, ana jin ta da hannu ko ba ka yi ba. Na 3, ana ganinta da ido. Dubawar 'yan mintuna ce, kuma kana da damar neman likita namiji.

Idan akwai shakka, sai a yi sikanin, irin hoton da ake yi wa masu juna biyu. Ba ya ciwo. Yana nuna faɗin jijiyoyin, da ko jini na komawa baya, da girman kowane ɗan maraina.

Sai gwajin maniyyi. Za a ce ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, sannan ka tara maniyyin gaba ɗaya a cikin kwalbar da ɗakin gwaji ya ba ka. Idan a gida ka tara, inda iyalinka za ta iya taimaka maka, ka kai shi cikin awa 1, a aljihu kusa da jiki, kada ya sha rana ko sanyi. Kada ka yi amfani da kwaroron roba na kanti, yana kashe ƙwayoyin. A ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, ana sa ran a ga aƙalla ƙwaya miliyan 16 a kowane mililita, kuma aƙalla kashi 42 cikin 100 suna motsi. Idan sakamakon ya fito ƙasa da haka, kada hankalinka ya tashi tukuna. Zazzaɓi mai zafi da ka yi wata biyu baya ma na iya rage su. Shi ya sa ake maimaita gwajin bayan wasu makonni kafin a yanke hukunci.

Kowa ne sai an yi masa aiki?

A'a. Idan ba ta maka ciwo, kuma haihuwa ba ta tsaya ba, a bar ta kawai. Wadda sikanin kaɗai ya gani, hannu bai ji ba, ita ma yawanci ba a taɓa ta. Duk wanda ya gaggauta ce maka sai tiyata bai ko ga gwajin maniyyinka ba, nemi ra'ayin wani likitan.

Ana ba da shawarar aiki idan abubuwa uku suka haɗu: ana jin kumburin da hannu, gwajin maniyyi ya nuna rauni, kuma ku biyun kuna neman haihuwa ba ta zo ba, bayan an duba matar ita ma. Ana kuma yi wa saurayin da ɗan marainansa ya ƙi girma kamar ɗayan, da wanda ciwo ya hana shi sakat.

Idan ciwo ne kaɗai damuwarka, fara da abu mai sauƙi. Sa ɗan kamfai mai riƙe maraina, ka riƙa hutawa daga doguwar tsayuwa, ka sha farasitamol idan ya motsa. Da yawa wannan ya ishe su.

Yaya aikin yake?

Manufar ɗaya ce, a toshe jijiyoyin da suka lalace, jini ya koma bin wasu masu lafiya. Ba a cire ɗan maraina, ba a kuma taɓa bututun da maniyyi ke bi.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a yi 'yar tsaga a ƙasan mara, likita ya yi aiki da madubi mai ƙara girman abu. Da shi yake bambanta jijiyar da za a ɗaure da wadda ke kawo wa ɗan maraina jini, da kuma siraran hanyoyin ruwa da bai kamata a taɓa ba. Da wannan hanya kumburin bai cika dawowa ba. Akwai kuma tiyatar da ake yi ba madubi, da wadda ake huda ciki a zura kyamara, da wadda ba a yanka ko kaɗan, sai dai a zura siririn bututu ta jijiya a toshe daga ciki. Ta ƙarshen ba kowane asibiti ke da kayanta ba. Yawanci a ranar ko washegari ake sallama. Aiki mara nauyi ana komawa cikin kwanaki, ɗaukar kaya da saduwa kuwa sai likita ya ba da izini, galibi bayan 'yan makonni.

Kamar kowace tiyata, tana da nata haɗarin. Ruwa na iya taruwa ya zama gwaiwa, kumburin na iya dawowa, wurin na iya yin ruwa, kuma can ba a rasa ba a raunata jijiyar da ke ciyar da ɗan maraina. Tambayi likita wace hanya zai bi, kuma sau nawa ya saba yin ta. Haƙƙinka ne.

Kada ka sa ran canji a mako biyu. Ƙera sabuwar ƙwaya yana ɗaukar kusan wata 3, don haka sai bayan wata 3 zuwa 6 ake sake gwaji. Kimanin 6 zuwa 7 cikin 10 maniyyinsu na inganta. Ba dukansu ne matansu ke samun ciki ba, domin shekarun mace da lafiyarta ma suna cikin lissafi. Masu ciwo kuwa, mafi yawansu suna samun sauƙi, ko da yake akwai waɗanda ciwon ba ya barinsu gaba ɗaya. Likitan kirki zai faɗa maka wannan tun kafin ka sa hannu.

Babu maganin sha ne?

Babu wani jiƙo, gari, ƙwaya ko allura da ke mayar da jijiyar da ta buɗe. Masu talla a mota da lasifika za su ce sanyi ne ko basir, su haɗa ka da jarka. Wasu kuma masu kemis za su yi ta ɗura musu maganin kashe ƙwayoyin cuta wata da watanni, alhali babu ƙwayar cutar da za a kashe. Kuɗi na tafiya, shekarun matarka ma na tafiya.

Wanda ya fi haɗari shi ne allurar ƙarin ƙarfin namiji ta sinadarin testosteron. Tana iya sa ka ji kuzari, amma tana sa maraina su daina ƙera ƙwayoyi, wani lokaci har su ɓace gaba ɗaya daga maniyyi. Mai neman haihuwa ya nisance ta. Barin taba da rage ƙiba kuwa suna taimaka wa ƙwayoyin, ko an yi aiki ko ba a yi ba.

Nawa ake kashewa, kuma ina za a je?

Farashi ya danganta da gari da asibiti. Ganin likita da gwajin maniyyi su ne mafi arha, sai sikanin, sai tiyatar. Asibitin gwamnati ya fi na kuɗi sauƙi, sai dai layi. Aikin madubi ya fi tsada. Duk da haka, gyaran barikosil bai kai tsadar haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a dasa wa mace ba, ko kusa. Kafin a sa rana, ka nemi a rubuta maka kuɗin komai: gwaje-gwaje, aikin, allurar kashe zafi, gado da magani. Idan kana da inshorar lafiya, tambayi abin da ta ɗauke maka.

Akwai likitocin mafitsara a manyan asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri. A Kano akwai kuma asibitin mafitsara na Abubakar Imam. A Nijar ana samunsu a manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram. Idan kana nesa da waɗannan, fara da babban asibitin da ke kusa da kai, su rubuta maka takardar turawa.

Iyaye maza, idan ɗanku matashi ya yi ƙorafin nauyi ko kumburi a wurin, kada ku ce ƙuruciya ce. Kafin yaro ya iya buɗe baki ya faɗi irin wannan, ya daɗe yana fama. Ke kuma uwargida, idan maigida na jin nauyin zuwa, ki lallaɓa shi cikin sirri da mutunci, ba a gaban dangi ba. Kai kuma maigida, idan an shekara ana jira, kada ka sake tura ta asibiti ita kaɗai. Ku tafi tare, ka fara ba da naka gwajin.